Idan Aka Ce Za a Tayar Miki da Naƙuda

Ni ungozoma ce, kuma a ɗakin haihuwa na yi mafi yawan shekarun aikina. Cikin maganganun da ke girgiza mai ciki, ban ga wadda ta kai a ce mata za a tayar mata da naƙuda ba. Wasu da jin an ambaci ruwan naƙuda sai su sa a ransu cewa tiyata ce ƙarshen zancen. Wasu kuma sun raina abin, suna ganin ƙwaya ce kawai da za a haɗiye a gida a huta da nauyin ciki. Maganin naƙuda yana ceton uwa da ɗa idan akwai dalilin ba da shi, kuma akwai wanda ya tsaya a kanki yana lura. Idan aka rasa ɗaya cikin biyun nan, to maganin da kansa ya zama masifar. Shi ya sa nake so, 'yar'uwa, ki shiga ɗakin kin san abin da za a yi miki, kin san abin da za ki ƙirga, kin kuma san lokacin da za ki ɗaga murya.

Fara da tambayar dalili

Mako 40 ake lissafa wa ciki, daga ranar farko ta al'adarki ta ƙarshe. Ranar da aka rubuta miki a katin awo kirdado ce, mata ƙalilan ne suke sauka a ranar daidai. Don kin wuce ta da kwana uku ko huɗu, ba a makara ba. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce a tayar da naƙuda idan an tabbatar ciki ya kai mako 41, domin daga nan mabiyiya kan fara gazawa wajen ciyar da jariri, ruwan da yake kwance a ciki ya ragu, haɗarin rasa shi ya ƙaru. Amma sai lissafin ya inganta. Hoton cikin da aka yi a watanni ukun farko ya fi kowanne daidai wajen faɗin kwanaki, na ƙarshen ciki kuwa yana iya kuskurewa da mako biyu ko uku. Idan kina da hoton farko, ki tafi da takardarsa. Na sha ganin an kusa fito da jariri tun bai isa ba, saboda an dogara da hoton wata takwas.

Akwai wasu dalilan ban da wucewar lokaci. Faya ta fashe amma naƙuda ta ƙi zuwa, kuma da zarar ta fashe an buɗe wa ƙwayoyin cuta hanya, don haka galibi ba a son a wuce kwana guda ana jira. Jini ya hau, musamman idan an ga furotin a fitsari. Ciwon suga. Jariri ya daina girma ko motsinsa ya ragu. Ko kuma Allah Ya yi masa rasuwa a ciki. Kowanne cikin waɗannan dalili ne mai ƙarfi. Gajiya da ciki kuwa, ko son a haihu kafin wata rana da aka tsara, ba su isa ba.

Ki tambayi likita abu uku, cikin ladabi amma kai tsaye: mene ne dalilin, me zai faru idan aka ƙara jira, kuma da wace hanya za a fara. Ba rashin kunya ba ne. Ni dai macen da ta yi tambaya ta fi mini sauƙin kulawa.

Ke ma akwai abin da wajibi ne ki faɗa ko ba a tambaye ki ba. Idan an taɓa yi miki tiyatar haihuwa, ko an yanke miki ƙari a jikin mahaifa, wannan shi ne na farko, domin mahaifa mai tabo tana iya ɓarkewa. Ki faɗi yawan haihuwar da kika yi, don mahaifar da ta haihu biyar ko fiye ba ta jure matsi kamar ta mai haihuwar biyu. Ki faɗa idan kin taɓa zubar da jini sosai bayan haihuwa. Idan kuwa hoto ya nuna mabiyiya ta tare bakin mahaifa, ko jariri ya kwanta a gicciye, to ba a ma tayar da naƙuda, hanyar ita ce tiyata.

Game da tsoron cewa duk wadda aka tayar wa naƙuda sai an yanka ta, wani babban bincike da aka wallafa a 2018 a Amurka ya bi mata fiye da 6,000 masu cikin fari. Cikin waɗanda aka tayar wa naƙuda a mako 39, kimanin 19 cikin 100 ne suka ƙare da tiyata, cikin waɗanda aka bari suka jira kuwa kimanin 22 ne. Ba ina nufin kowa ta nemi a tayar mata a mako 39 ba, don a asibitoci masu wadatar ma'aikata da na'urori aka yi binciken. Ya dai nuna cewa maganin kansa ba shi ne ke kai mace ɗakin tiyata ba.

Bakin mahaifa ne ke yanke hukunci

Kafin a ba ki komai, za a sa safar hannu a duba bakin mahaifarki. Tun 1964 wani likita mai suna Edward Bishop ya tsara ma'aunin da ake amfani da shi har yau: buɗewarsa, gajartarsa, laushinsa, inda ya fuskanta, da kuma saukowar kan jariri. Wanda bai shirya ba yana da tauri kamar ƙarshen hancinki, wanda ya shirya kuwa laushinsa kamar na leɓe. Idan ya yi laushi ya fara buɗewa, aikin zai yi sauri. Idan yana rufe da tauri, sai an fara tausasa shi, kuma nan ne haƙuri ke ƙarewa. Mai cikin fari tana iya kwana ɗaya, biyu, har uku kafin naƙuda ta kankama. Ki sanar da mutanenki tun da wuri, don kada su cika ki da waya suna tambayar ko an sauka.

Hanya mafi sauƙi ita ce ungozoma ta zagaya da yatsa a cikin bakin mahaifa ta ɗan raba faya da jikinsa. Akwai zafi, kina iya ganin ɗigon jini, amma sau da yawa yakan sa naƙuda ta zo da kanta. Sai kuma roba mai ƙaramin balan-balan a kanta, irin robar fitsari, da ake zurawa a cika ta da ruwa, ta riƙa danna bakin mahaifa a hankali har ta faɗo. Ina son wannan hanyar, domin da wuya ta sa mahaifa ta yi murɗa fiye da kima, kuma ita aka fi zaɓa wa mai tabon tiyata idan likita ya ga za a gwada.

Sai ƙwayar misoprostol, wadda nake so ki tsaya ki fahimce ta sosai. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce maikirogiram 25, ko a sha duk bayan awa 2, ko a sa a gaba duk bayan awa 6. Ƙwayar da aka fi samu a kasuwa kuwa maikirogiram 200 ce, wato ninki takwas na abin da ake buƙata. Ko rabinta aka ɓalla, an ninka sau huɗu. Na karɓi wata baiwar Allah da aka ba rabin ƙwayar nan a gida don a taimake ta. Ta iso cikinta ya ƙulle tamau ba ya saki, jini na bin ƙafarta, mahaifar ta riga ta tsage. An ceci ranta, amma ba a samu jaririn ba, kuma dole aka cire mahaifar. Wanda ya ba ta ba mugunta ya nufa ba, bai san awon ba ne. Don Allah kada ki karɓi wannan ƙwayar, ko wani haɗi da aka ce yana kawo naƙuda, sai a cikin asibitin da zai iya yi miki tiyata nan take. Mai tabon tiyata kuwa ba a ba ta misoprostol don tayar da naƙuda ko a asibitin ne.

Idan bakin mahaifa ya buɗe, ana iya fasa faya da ɗan ƙugiyar roba, sannan a ɗaura ruwan naƙuda, wato oksitosin a cikin ƙarin ruwa. Da ɗigo kaɗan ake farawa, a riƙa ƙarawa sannu a hankali har ciwon ya daidaita. Amfanin ba da shi ta jijiya shi ne idan ya yi yawa a rufe, cikin mintoci ƙarfinsa ya ragu. Allurar da aka tsira a cinya ko ɗuwawu kuwa ba ta da makulli. Saboda haka matuƙar jariri yana ciki, ba a yi wa mace allurar oksitosin a tsoka. Ko wane ne ya ɗauko ta, ki ce a'a. Haka nan kada ke ko mai jinyarki ku taɓa maɓallin ledar ruwan da nufin a gama da wuri.

Abin da za ki ƙirga

Naƙudar da aka tayar takan fi ta Allah da Annabi zafi, don tana zuwa ba tare da ta ba jiki lokacin sabawa ba. Ki nemi maganin rage zafi idan kina so, ko allura ce ko ta gadon baya inda ake yin ta. Ki yi tattaki idan an ba ki dama, ki riƙa yin fitsari a kai a kai, domin cikakkiyar mafitsara tana tare wa kan jariri hanya. Ki zo da mai rakiya wadda ba ta jin nauyin kiran ma'aikata, ki ba ta agogo ko waya.

Ga abin da za ta ƙirga. Idan ciwo ya zo fiye da sau biyar a cikin minti 10, ko guda ɗaya ya riƙe har minti biyu bai saki ba, ya yi yawa. Dalili kuwa, duk lokacin da mahaifa ta murɗa jinin da ke zuwa wa jariri yana raguwa, a ɗan hutun da ke tsakani ne yake samun iskar da yake rayuwa da ita. In babu hutu, ya shiga wahala. A kira ungozoma nan da nan. Za a rufe ruwan, a kwantar da ke a gefen hagu, wani lokaci a yi miki allurar da ke sassauta mahaifa.

Bugun zuciyar jariri tsakanin 110 zuwa 160 yake a minti guda. Idan naƙuda ta kankama, ya kamata a saurare shi duk bayan minti 15 zuwa 30, lokacin nishi kuwa duk bayan minti 5. In kin ga an daɗe ba a zo ba, ki tuna musu. Ɗakin haihuwa yakan cika, ungozoma ɗaya tana iya riƙe mata da yawa, kuma wadda ta yi shiru ana ɗauka lafiya take. Dauriya ba ta da amfani a nan.

Ki duba launin ruwan faya. Fari garau ko mai ɗan ja-ja kaɗan babu komai. Kore ko baƙi-baƙi mai kauri yana nufin jariri ya yi kashi a ciki, a faɗa. In kin ji wani abu kamar igiya ya sauko gabanki bayan fashewar faya, cibiya ce ta riga kai fitowa: ki durƙusa, ki sa ƙirji a ƙasa, ki ɗaga ƙugu sama, a yi ihu a kira taimako, don minti ake lissafawa. Ciwon da ya tsaya cak wuri guda ba ya tafiya, ko naƙuda mai ƙarfi da ta ɗauke farat ɗaya tare da jiri da jini, alamun ɓarkewar mahaifa ne ko ɓallewar mabiyiya.

Wani lokaci kuma an yi komai daidai, amma bakin mahaifa ya ƙi, ko ya buɗe gaba ɗaya, wato santimita 10, amma kan jariri ya ƙi saukowa. Idan ke da jariri kuna lafiya, ana iya hutawa a sake gwadawa. Idan ba haka ba, tiyata ce, kuma ba gazawarki ba ce. Jinkirin amincewa shi ne abin da ke ɓata mini rai, domin kan jaririn da ya daɗe a maƙale yana danne mafitsara har naman ya mutu, daga nan yoyon fitsari ke samuwa. Ku gama wannan maganar da maigida tun kafin a kwantar da ke, a kuma san rukunin jininki da waɗanda za su ba da jini in an buƙata.

Jariri ya fito, aiki bai ƙare ba

Zubar jini bayan haihuwa shi ne kan gaba wajen kashe masu haihuwa a duniya, kuma macen da ta daɗe a kan ruwan naƙuda mahaifarta takan gaji ta kasa tsukewa. Da fitowar jariri za a yi miki allurar oksitosin, yanzu kam a tsoka, lokacinta ya yi. Mabiyiya ta kamata ta fito cikin kimanin minti 30, kuma ungozoma za ta duba ta tabbatar babu ɓallin da ya rage a ciki.

Ki ɗora hannu a wajen cibiyarki. Ya kamata ki ji mahaifa dunƙule da tauri. In kin ji ta yi laushi, ki murza wurin da ƙarfi kina kira. Ki yi fitsari da wuri, kada ya wuce awa 6. Ki sa jariri a nono, don tsotsonsa yana sa mahaifa ta tsuke. Jinin da ya kai rabin lita a cikin awa 24 an ɗauke shi a matsayin zubar jini mai haɗari, amma ido ba ya iya auna shi daidai, kuma wani ba ya kwarara, tsiyaya yake yi a hankali ƙarƙashin mayafi. A awa biyun farko kowa yana kan jariri, ana murna. Wata mai rakiya ta taɓa jawo hannuna ta ce ƙanwarta tana ta hamma, tana cewa barci take ji. Da na yaye mayafin, katifar ta jiƙe sharkaf. Mun tsayar da jinin, kuma yayar nan ce sanadi. Don haka mai rakiya, ki riƙa ɗaga mayafi kina dubawa. Ƙishirwa mai tsanani, gumi mai sanyi, jiri, bugun zuciya da sauri, fari fat a leɓe da tafin hannu, duk a kira. Akwai allurar tiranezamik da ke hana jini tsinkewa. Binciken da aka wallafa a 2017 kan mata kimanin 20,000 ya nuna tana rage mutuwa ta zubar jini da kusan kashi ɗaya bisa uku idan an yi ta cikin awa 3 da haihuwa. Bayan nan amfaninta ya wuce.

In kin ƙaru ko an yi miki ƙari, a ɗinke da allurar kashe zafi, kuma ki tambaya ko tsagewar ta kai dubura, don irin wannan ɗinkin sai ƙwararre. Idan rukunin jininki negetib ne, ki tuna musu allurar Anti-D, wadda ke kare jariran da za ki haifa nan gaba, cikin awa 72 da haihuwa ake yin ta. Kada ki matsa a sallame ki kafin awa 24, ko da kin ji garau.

A gida

Jinin biƙi ja ne a kwanakin farko, sai ya koma ruwan ƙasa, sannan fari-fari, yana iya kaiwa mako huɗu zuwa shida. Ciwon mara lokacin shayarwa, gumin dare da gajiya duk an saba da su. Amma in kina jiƙa audugar mata sharkaf cikin awa guda, ko guda-gudan jini manya suna faɗowa, ko jinin da ya ragu ya dawo ja da yawa, ki koma asibiti a ranar. Haka idan ya yi wari, ko zazzaɓi ya kai 38 a ma'auni, ko mara tana ciwo in an taɓa. Kada a ce zazzaɓin ruwan nono ne a zauna. Cutar da ta shiga mahaifa tana bin jini cikin sauri, kuma wadda fayarta ta daɗe a fashe ko aka yi wa tiyata ta fi shiga wannan haɗarin.

Abin da mata da yawa ba su sani ba shi ne hawan jinin ciki yana iya tasowa bayan an haihu, har ga wadda jininta bai taɓa hawa ba, galibi a makon farko. Ciwon kai mai tsanani da ba ya jin magani, ganin walƙiya ko dishi-dishi, ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, kumburin fuska da hannu: waɗannan su ne ke gabatar jijjiga. Awon da ya kai 140 bisa 90 yana buƙatar a duba ki, 160 bisa 110 kuwa na gaggawa ne. Akwai allurar magneziyam salfet da ke hana jijjigar, amma sai kin je za a yi miki. In an sallame ki da maganin hawan jini, kada ki ajiye shi don kin sauka.

Ƙafa ɗaya da ta kumbura tana zafi, musamman sha-raɓa, tana iya zama gudan jini ne ya toshe jijiya. Kada a matsa ta, a tafi asibiti. Haki, ciwon ƙirji, ko kasa kwanciya a miƙe sai an tara matasai, ko gudan ne ya kai huhu ko zuciya ce ta raunana, duka biyun ba sa jiran gari ya waye. Tashi da ɗan takawa tun ranar farko, ko bayan tiyata ne, yana rage wannan haɗarin. Wurin ɗinki kuma a wanke shi da ruwa mai tsabta a bar shi a bushe, kada a shafa masa komai sai abin da aka rubuta. In ya yi ja, ya kumbura, ko yana fitar da ruwa, a nuna. Fitsari ko bayan gida da ke zubowa ba tare da kin sani ba, kada ki ɓoye, ana gyarawa, kuma zuwa da wuri ya fi.

Sai zuciya. Kuka ba dalili a kwana na uku ko na huɗu abu ne da yawancin masu jego suke yi, yakan wuce cikin mako biyu. In ya zarce haka, ba kya barci ko da jariri ya yi, ba kya jin daɗin komai, ko tunanin cutar da kanki ko jaririn yana zo miki, to ciwo ne mai magani, ba raunin imani ba ne. Na lura matan da naƙudarsu ta zo da firgici sun fi ɗaukar abin a rai su yi shiru. Ki faɗa wa wanda kika yarda da shi, ki faɗa wa ma'aikacin lafiya.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a duba mai jego da jaririnta a ranar farko, a kwana na uku, a tsakanin kwana 7 zuwa 14, sannan a mako na shida. A zuwan mako shida ki nemi a auna jininki, ki yi maganar tazarar haihuwa, don ciki yana iya shiga tun al'ada ba ta dawo ba, kuma shawarar ita ce a bar wata 24 kafin a nemi wani. Ki kuma roƙi a rubuta miki a takarda dalilin da ya sa aka tayar miki da naƙuda, maganin da aka yi amfani da shi, ko kin zubar da jini, da irin yankan da aka yi wa mahaifa in tiyata ce. Ki adana ta tare da katin awonki, ki miƙa ta a ranar farko ta awon ciki na gaba.